Wa Ke Biyan Kuɗin Sanyin Randa?

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Mubi ba sai an yi masa bayanin zafi ba. Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Afrilu, kafin hadari ya fara haɗowa ta bayan duwatsun Mandara, zafin rana kan kusanci digiri 40, kogin Yedzaram ya koma yashi, kwanon rufi ya riƙa ƙara kamar ana gasa shi. A irin wannan lokaci gari kan rabu gida biyu wajen neman ruwan sha. Mai 'yan canji a aljihu ya aiki yaro wurin masu ƙanƙara, balle ma in azumi ya faɗo a ciki. Wanda ba shi da su ya nufi randar da ke girke a ƙarƙashin rumfa, ya zura moɗa, ya ɗebo ruwa mai sanyin da ke ratsa haƙori, alhali ba wayar lantarki ko ɗaya da ta taɓa jikinta.

An saba da abin har ba a ganinsa abin mamaki. Amma a tsaya a duba. In ka ajiye kofin shayi zai huce, in ka ajiye ƙanƙara za ta narke, kowanne yana neman daidaita da iskar ɗaki. Ita kuwa randa, an zuba mata ruwa mai ɗumi, iska mai zafi ta kewaye ta, sai ta ƙi daidaitawa, ruwanta ya fi iskar sanyi. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi da na Jami'ar Jihar Adamawa suna koyo a aji cewa akwai wata doka, doka ta biyu ta kimiyyar zafi, wadda ta ce wani abu da ake kira entirofi ba ya raguwa, sai dai ya ƙaru. Su dawo gida su tarar da randa da firiza suna rage shi kullum. Shin dokar ce ta yi ƙarya, ko kuwa rabinta aka faɗa musu? Wannan tambaya ta fi shekara 150 tana hana manyan masana barci, kuma tarihinta ne za mu bi.

Injin tururi da ɗan sojan Faransa

A shekarun 1820, lokacin da tutar Modibbo Adama ke kafuwa a yankin Mubi ana shigar da shi cikin daularsa ta Fombina, can a Paris wani saurayin injiniyan soja yana fama da wata damuwa daban. Sunansa Sadi Carnot. Mahaifinsa ya raɗa masa sunan ne don ƙaunar da yake yi wa Sa'adi, mawaƙin Shiraz ta ƙasar Farisa. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne Ingila ta yi wa Faransa nisa a harkar injin tururi, kuma duk da haka ba wanda ya san ainihin iyakar aikin da za a iya tatsa daga buhun gawayi. Injinan zamanin suna cin gawayi kamar gara, aikin da suke yi kuwa bai taka kara ya karya ba.

A 1824, yana da shekara 28, ya buga ɗan ƙaramin littafi a kan ƙarfin wuta. A ciki ya kwatanta zafi da ruwa mai gangara. Ruwan Yedzaram na saukowa daga tsauni ya nufi arewa, ƙasar Barno, domin can ne gangare. Da za a girka masa injin niƙa a hanya, saukowar ce za ta juya shi, ba ruwan kansa ba. Haka zafi, in ji Carnot. Inji ba ya aiki don akwai wuta kawai, sai don akwai wuri mai zafi da wuri mai sanyi, zafin na gangarowa daga wannan zuwa wancan. In babu tazara tsakaninsu, aiki ya tsaya. Kuma komai gwanintar maƙeri, tazarar nan ita ke yanke iyakar abin da injin zai bayar.

Littafin bai yi kasuwa ba. A 1832 annobar kwalara ta ɗauke Carnot yana ɗan shekara 36. Da ba don Émile Clapeyron ya sake fito da tunaninsa da lissafi a 1834 ba, da wataƙila an binne shi tare da mai shi.

Akwai kuskure ɗaya a cikin hoton da Carnot ya zana. Ya ɗauka zafi wani ruwa ne da ba ya ƙarewa, yadda ya shiga inji haka yake fita. A shekarun 1840 James Joule na Manchester ya nuna ba haka ba ne. Ya sa nauyi ya juya wani maburgi a cikin ruwa, ya auna yadda ruwan ya ƙara ɗumi, ya tabbatar aiki na komawa zafi da ƙayyadadden farashi. Daga nan doka ta farko ta fito: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi, kama kawai yake sauyawa.

To amma doka ta farko ba ta hana shayi ya ƙara zafi da kansa ɗaki ya ƙara sanyi ba, tunda ba abin da ya ɓata a lissafi. Me ya sa ba a taɓa ganin haka ba? Rudolf Clausius, Bajamushe, shi ya ɗinke wannan ɓaraka a 1850, William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, ya bi sahu a 1851. Abin da Clausius ya kafa shi ne zafi ba ya tashi daga abu mai sanyi ya koma mai zafi shi kaɗai, ba tare da wani sauyi ya auku a wani wuri ba. A riƙe wannan sharaɗi na ƙarshe da kyau. Duk ruɗanin da ake yi a kan dokar, daga yar da shi yake farawa.

A 1865, yana koyarwa a Zurich, Clausius ya yi wa abin ma'auni, ya kuma raɗa masa suna entirofi daga kalmar Girkanci mai nufin juyawa ko sauyawa. Lissafin ba shi da wuya: duk zafin da ya shiga abu, a raba shi da matsayin ɗumin abin a ma'aunin Kelvin, wato digirin Salshiyas a ƙara masa 273. Abin da ya fito shi ne ƙarin entirofinsa. In zafin fita ya yi, ragi ne. Ka ga ke nan tun ranar da aka haifi kalmar an san tana da ragi. Abin da dokar ta hana shi ne jimilla ta ragu a wurin da aka killace, ba shiga ba fita. Kuma Clausius ya ƙare da cewa duniya baki ɗaya irin wannan wuri ce, don haka nata entirofin gaba kawai yake yi. Magana zarar bunu ce. Haka zafin da ya watsu.

Lissafin mai ƙanƙara

Mu ɗauki wannan awo mu shiga shagon mai ƙanƙara a Mubi. Kilo ɗaya na ruwa a leda, kafin ya daskare, sai an zare masa zafi kilojul 334 a digiri sifili, wato 273 a ma'aunin Kelvin. A raba, a sami 1.22. Wannan shi ne entirofin da ya ragu a cikin ledar, ragi na haƙiƙa, ba wasa da kalmomi ba. Yanzu zagaya bayan firizar ka kai hannu kusa da baƙin ƙarfen nan mai kama da raga. Za ka ji huci. Mu ce ɗuminsa digiri 45 ne, wato 318. Da kilojul 334 ɗin nan kaɗai ke fita ta wurin, da an sami 1.05, ƙasa da abin da ya ragu a ciki, jimilla ta yi ƙasa. Abin da ba ya yiwuwa ke nan. Dole zafin da ke fita ya kai aƙalla kilojul 389. Cikon 55 ɗin daga waya yake zuwa. Wannan ma injin da ba shi da aibi ke nan; na gaske yana cin ninkin haka. Shi ya sa ɗakin masu ƙanƙara ya fi ko'ina zafi, shi ya sa kuma in an ɗauke wuta sai a tada janareta, in man fetur ya tashi kuɗin ƙanƙara ya bi shi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Mutane sun daɗe suna biyan wannan farashi ta hanyoyi dabam-dabam kafin su san sunansa. Mutanen Farisa sun gina manyan rumbunan ƙasa masu kaurin bango suna ajiye ƙanƙarar hunturu har bazara. A 1833 wani ɗan kasuwar Boston, Frederic Tudor, ya loda wa jirgin ruwa tan 180 na ƙanƙarar tafki zuwa Kalkata ta Indiya; bayan wata huɗu a teku kimanin tan 100 suka isa. Shekara ɗaya bayan haka Jacob Perkins ya yi rajistar injin sanyi mai matse tururi a Landan, a shekarun 1870 kuma Carl von Linde na Munich ya gyara shi da sinadarin amoniya har ya shiga masana'antu. Duk firijin da ke Mubi a yau jikan waɗannan ne, kuma duk injin Carnot ne aka juya shi baya: a maimakon zafi ya gangaro ya ba da aiki, ana ba da aiki don a haura da zafi tudu.

Randa fa, wa ke biya mata? Sirrinta naso ne. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu ya jiƙa bayanta, busasshiyar iska ta kwashe shi ya zama tururi. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi a irin ɗumin gari, sai ta ɗauki zafi kimanin kilojul 2,400, kuma daga jikin randar take ɗauka. Ruwa lita 20 kuwa, in ana so ya sauka da digiri 10, kilojul 840 kawai za a zare masa. Wato asarar sulusin lita, abin da bai cika ledar fiya wata ba, ta isa ta sanyaya randa guda. Entirofin ruwan ciki ya ragu, amma ɗan ruwan da ya tsere ya bazu cikin sararin tsakar gida ya tafi da ƙarin da ya fi ragin yawa. Da ruwa randa ke biya, iska ke karɓa.

Mata sun san sharuɗɗan wannan ciniki sarai. Sun san sabuwar randa ta fi tsohuwa sanyi, domin tsohuwa ƙofofinta sun toshe. Sun san ba a shafa mata fenti, ba a kuma girka ta inda iska ba ta wucewa. Direban da ke naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu da Buzun da ke rataye salka a jikin raƙumi, duk ciniki ɗaya suke yi.

Wanda ya fitar da wannan sani daga tsakar gida ya kai shi idon duniya ɗan Arewa ne, Mohammed Bah Abba, a lokacin malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan masu ginin tukwane. A tsakiyar shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Yashin ke naso ta tukunyar waje, ta ciki kuwa a bushe take, cike da kayan miya. Gautan da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafon da ba ya kwana ya kai kwana 12, tumatir da tattasai suka yi mako 3. Ya raba dubban tukwanen a ƙauyukan Jigawa, a shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex, dabarar kuma ta ƙetara har Darfur ta Sudan. Bai karya doka ta biyu ba. Ya samo mai karɓar bashi ne wanda ba ya neman kuɗi, wato iskar Sahel, sai dai a riƙa jiƙa yashi safe da yamma.

Aljanin bakin ƙofa

Ragin wuri ɗaya da ƙarin wani wuri, wannan an gama da shi tun zamanin Clausius. Tambaya mai wuya ita ce ta biyu: jimillar kanta, ba wata dabara da za ta sa ta ragu?

A watan Disamba na 1867 James Clerk Maxwell, ɗan Sikotilan, ya rubuta wa abokinsa Peter Tait wasiƙa da wani wasan ƙwaƙwalwa. Iska, in ji shi, tarin ƙwayoyi ce masu gudu, wasu da sauri wasu a hankali, kuma zafi ba komai ba ne illa wannan gudu. A ce akwai ɗaki biyu da 'yar ƙofa a tsakani, da wata mitsitsiyar halitta mai kaifin ido tana gadi. In mai sauri ta taho daga hagu ta buɗe mata, in mai nawa ta taho daga dama ta buɗe mata, sauran ta rufe. Kafin a jima dama ya yi zafi, hagu ya yi sanyi, ba mai, ba lantarki. Kelvin ne ya laƙaba wa halittar sunan aljani a 1874, sunan ya bi ta.

Duk wadda ta taɓa tsince tsakuwa daga cikin shinkafa ta san aikin aljanin nan. Ta kuma san tsinta ba kyauta ba ce: ido na gajiya, baya na ƙagewa, ciki na neman tuwo. Maxwell ya cire wa nasa ma'aikacin ciki da gumi, ya bar shi da sani kaɗai. Tambayar ta koma: shi sanin, kyauta ne? An fi shekara 100 kafin a sami cikakkiyar amsa, kuma kafin nan sai da aka gane mene ne entirofi a can ƙasa.

Wannan aikin Ludwig Boltzmann ne, mutumin Viyana ta Ostiriya. A 1872 ya fitar da lissafin da ya nuna cewa in ƙwayoyin iska suna ta karo da juna, dole su nufi daidaito. A 1876 abokin aikinsa Josef Loschmidt ya tare shi da hujja mai kaifi. Dokokin motsi ba su san gaba da baya ba. Da za a tsayar da kowace ƙwaya a juya ta ta koma inda ta fito, da duk abin da ya gauraya ya ware. To daga ina wannan hanya mai tafiya ɗaya ta fito? Boltzmann bai yi gardama ba. A 1877 ya amsa da abin da ya sauya fahimtar dokar baki ɗaya: komawa baya ba haramun ba ce, ƙaranci ne da ita. Entirofi ƙirge ne na yawan hanyoyin da ƙananan abubuwa za su iya jeruwa alhali babban hoton bai sauya ba.

Je ka karar shanu ta Mubi, inda garkuna ke shigowa daga Kamaru da Chadi kafin a loda su a tirela zuwa Kudu. A ce an ware farare gabas, jajaye yamma, sai aka kwance su aka bar su suna yawo. Kafin la'asar sun cakuɗa. Ba wata saniya da ta yi niyyar cakuɗa garke. Kawai hanyoyin zama a cakuɗe sun ninninka na zama a ware. In shanu 10 ne, kowace na iya zama gabas ko yamma, damar a waiwayo a tarar kowace ta koma ɓangarenta ɗaya ce cikin 1,024. Mai haƙuri zai gani wata rana. In 100 ne, ɗaya ce cikin wani adadi mai lambobi 31. To ƙwayoyin da ke cikin babban cokali na ruwa sun kai 6 da sifili 23 a bayanta. Shayin da ya huce na iya sake tafasa da kansa, amma wanda zai jira ya gani sai ya jira fiye da shekarun duniya ninkin ba ninki.

Ba kowa ya yarda ba. A 1896 Ernst Zermelo ya ɗauko wani sakamako na Henri Poincaré cewa duk killataccen tsari, in an ba shi lokaci, zai dawo kusa da inda ya fara. Boltzmann ya ce gaskiya ne, a lissafa lokacin a gani. Mafi ciwo, manya irin su Ernst Mach da Wilhelm Ostwald ba su ma yarda akwai ƙwayoyin zarra ba, tunda ba wanda ya taɓa ganinsu. A 1903, shekarar da sojojin Jamus suka kama Mubi suka mayar da ita sansanin kan iyakar Kamaru, a jami'o'in masu harshen Jamusanci ana kan wannan musu. Boltzmann, ga ciwon ido ga ciwon damuwa da ya daɗe yana fama da shi, ya kashe kansa a watan Satumba na 1906 a Duino, kusa da Trieste.

Gaskiyarsa tana bakin ƙofa a lokacin. Tun 1827 Robert Brown ya ga ƙananan ɓurɓushi suna ta rawa a cikin ruwa ba mai taɓa su. A 1905 Albert Einstein ya lissafa cewa ƙwayoyin ruwa ne ke mangare su ta ko'ina, a 1908 kuma Jean Perrin ya auna rawar a Paris, lissafi ya yi daidai. Ostwald ya sallama. A yau a kan kabarin Boltzmann a babbar maƙabartar Viyana an sassaƙa gajeren lissafin da ke haɗa entirofi da ƙirgen hanyoyi.

Saura aljani. A 1929 Leo Szilard ya rage wasan zuwa ƙwaya ɗaya tak a cikin akwati, ya nuna cewa sanin ɓangaren da take yana da daraja da za a iya aunawa da ma'aunin entirofi. A 1961, shekarar da mutanen Mubi da sauran Arewacin Kamaru suka jefa ƙuri'ar shiga Najeriya, Rolf Landauer na kamfanin IBM ya gano inda kuɗin ke fita: duk lokacin da aka goge bayani daga ma'ajiya, dole a saki wani ɗan zafi da ba a iya kauce masa. Charles Bennett ya ƙarasa hujjar a 1982. Aljanin dole ya tuna abin da ya gani kafin ya buɗe ƙofa, allonsa kuma yana da iyaka. Ranar da ya cika sai ya wanke, kamar almajiri, kuma wankin ne ke mayar da duk entirofin da ya ɗauka ya sace. A 2012 masana a Lyon ta Faransa suka auna wannan ɗan zafi suka same shi yadda Landauer ya faɗa.

Shi kuwa ɗan ragin da Boltzmann ya ce yana yiwuwa, an gan shi da ido. A 2002, shekarar da aka kafa Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi, Denis Evans da abokan aikinsa a Canberra ta Ostireliya suka riƙe wani ɗan ƙwallon roba da bai kai kaurin gashi ba da hasken lesa, suna jansa a cikin ruwa. Suka maimaita sau ɗaruruwa. A cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sau da yawa ruwan ne ke tura ƙwallon gaba a maimakon ya ja shi baya, wato zafin ruwa ya koma aiki, entirofi ya ragu. Da lokaci ya wuce kamar daƙiƙa 2, abin ya ɓace, doka ta koma kujerarta. Garken shanu 10 ke nan. Ba za a iya ɗinka irin wannan sa'a a yi injin da zai ba da wuta kyauta ba, domin ba a san lokacin zuwanta ba, wanda kuma zai tsaya gadinta ya zama aljanin Maxwell da allonsa.

Babban mai biya

Akwai hujjar da ake yawan kawowa, ta rai. Ƙwayar dawa ɗaya a gonakin gefen Mubi kan tattara iska da ruwa da ƙasa ta gina kara da zangarniya, tsari daga watsattsen abu. Wannan ma ragi ne na gaske, kuma Boltzmann ya yi maganarsa a wata lacca a 1886: abin da masu rai ke kokawa a kai ba makamashi ba ne zalla, tazarar da ke tsakanin rana mai zafi da ƙasa mai sanyi ce. Fuskar rana ta kai kimanin digiri 5,500. Duniya na karɓar haskenta, ta mayar wa sarari kusan daidai abin da ta karɓa, amma a matsayin ɗumi mai rauni, kamar na abin da ke digiri 18 ƙasa da sifili. Kowace ƙwayar haske ɗaya da ta shigo, kimanin 20 ke fita. A tsakanin shigar da fitar nan dawa ke girma, hadari ke haɗuwa, saniya ke ƙiba. Har busasshiyar iskar da ke karɓar nason randa, ranar ce ta shanya ta.

Amsar ɗaliban ke nan, kuma hawa uku gare ta. Entirofi na raguwa kullum a randa, a firiza, a gona, a jikin jariri, muddin akwai ƙofar da zai fita ta. A killataccen wuri mai girman da hannu ke taɓawa, ba ya raguwa. A duniyar ƙananan ƙwayoyi kuwa yakan ɗan ja baya na ƙiftawar ido, kafin yawa ya rinjaye shi.

Wanda ke son shaida ba sai ya je Viyana ba. Ya jira watan Agusta a Mubi, lokacin da Yedzaram ya cika ya batse, shanya ta kwana biyu a igiya ba ta bushe ba. Ya sha ruwan randar nan da ta yi masa rana a watan Afrilu. Zai ji sanyinta ya ragu, bayanta a jiƙe sharkaf amma nason ba ya tashi, domin iska ta ƙoshi da laima, ba ta karɓar ko ɗigo. Randar ba ta sauya ba, mai karɓar bashin ne ya rufe shago. In hunturu ya kama kuma, uwar gida ta cika ta da dare har wuya, ta rufe da faifai, ba wanda ya sha. Da asuba ta ɗaga faifan ta ga ruwan ya ɗan sauka, ta taɓa ta ji sanyi kamar ƙanƙara. Ɗan gibin nan da ke tsakanin wuyan randa da fuskar ruwa, shi ne kuɗin.